Yaƙin Kogin Kirimisos Ya Koma Kan Tebur

Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a bakin kogin Kirimisos da ke yammacin tsibirin Sisili wannan magana ba ta ci ba. A can ne, a shekara ta 341 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko 339 a lissafin waɗansu masana, wata 'yar ƙaramar rundunar Girkawa ta tarwatsa mayaƙan Kartaj, watau tsohon birnin nan na fatake wanda kufansa ke kusa da Tunis ta yau. Yanzu kuwa masu sha'awar tarihi kan sake gwabza wannan yaƙi a kan tebur, ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

Ga yadda al'amarin ya auku. Mutanen Kartaj sun sauka a tsibirin da mayaƙa 70,000 a ƙarƙashin Hasdurubal da Hamilkar, kamar yadda marubutan Girka suka ruwaito. Timoliyon, mutumin Koranti wanda ke riƙe da ragamar birnin Sirakus, ya fita taryensu da mutum 12,000 a ƙidayar Diyodoras, amma Fulutak ya ce dakaru 5,000 ne da barade 1,000 suka isa fagen fama. Tun a hanya sojojin haya 1,000 suka juya masa baya.

Da hazon safiya ya washe, sai Timoliyon ya hango abokan gaba daga kan tudu suna ƙetare kogi, kekunan dawaki a gaba, manyan 'ya'yan Kartaj masu fararen garkuwoyi na biye. Bai jira sauran su haye ba, ya saki barade, sa'an nan ya bi da dakaru. Ana cikin sara da suka sai hadari ya ɓarke, ruwa da ƙanƙara suna dukan fuskokin mutanen Kartaj. Kogi ya yi ambaliya, taɓo ya riƙe masu nauyin sulke, wanda ya faɗi ba ya iya tashi. Diyodoras ya ce zaɓaɓɓiyar rundunarsu ta mutum 2,500 a nan ta ƙare.

To, ina ruwan wannan labari da tebur? Wasan yaƙi dai ya samo asali ne daga ƙasar Jamus, inda sojojin Furushiya suka karɓi tsarin Raiswiz a 1824 don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buga dokokin wasa da 'yan gumakan soja domin jama'ar gari. Wasan Commands & Colors: Ancients, wanda Richard Borg ya tsara, kamfanin GMT na Amurka ya fitar a 2006, yana ɗauke da wannan yaƙi na Kirimisos. Ana shimfiɗa allo mai gidaje kamar na dara, sai dai kowane gida kusurwa shida gare shi. Gutsattsarin katako ne ke wakiltar rundunoni, kati ke nuna sashen da zai motsa, ƙwayoyin jifa irin na ludo kuma su yanke hukuncin karo.

Wahalar da ke gaban mai tsara irin wannan wasa ita ce adalci. Idan ya jera mayaƙan Kartaj duka a fili ɗaya, Girkawa ba su da mafita. Idan kuwa ya tabbatar da saukar ruwan sama, ba wanda zai yarda ya ɗauki ɓangaren Kartaj. Saboda haka kogin ne ke zama alƙali: mai riƙe da Girkawa tilas ya yi hanzarin murƙushe waɗanda suka haye, shi kuwa abokin karawarsa ya daure har mutanensa na baya su iso.

A nan amfanin wasan yake ga mai neman sani. Labarin yaƙin duka daga bakin Girkawa ya zo mana, domin littattafan Kartaj sun salwanta bayan da Rumawa suka rusa birnin a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa. Wanda ya zauna a kujerar Hasdurubal yakan gane da kansa cewa tun kafin hadari ya haɗu rundunarsa ta riga ta shiga haɗari, tun sa'ad da kogi ya raba ta biyu.