Jamhuriyar Osetiya ta Arewa a zamanin Tarayyar Sobiyet

Mutanen Osetiya suna zaune ne a tsakiyar duwatsun Kokeshas, harshensu kuma ɗan'uwan Farisanci ne, domin jikokin tsohuwar ƙabilar Alan ne. Galibinsu Kiristoci ne, akwai kuma Musulmi tsiraru. Wanda zai fahimci tarihinsu a ƙarƙashin gurguzu sai ya fara da dutsen nan da ya ratsa ƙasarsu, don a kansa aka raba su gida biyu.

Bayan juyin juya halin 1917, an fara haɗa Osetiyawan arewa da Ingush da Chechen da wasu maƙwabta cikin Jamhuriyar Mutanen Dutse a 1921. Ba ta yi ƙarko ba. A 1924 aka rushe ta, Osetiya ta Arewa ta zama yanki mai ɗan ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a cikin Rasha, sai a Disamban 1936 aka ɗaga ta zuwa jamhuriya. 'Yan'uwansu na kudancin dutse kuwa tun 1922 aka saka su ƙarƙashin Jojiya, hedkwatarsu Tskhinvali, matsayinsu kuma bai kai na jamhuriya ba.

To, mene ne wannan cin gashin kai? Akwai majalisa, akwai jaridu da makarantu da gidan wasan kwaikwayo cikin harshen Osetiya, kuma an yi yaƙi da jahilci sosai, wannan ba a musunsa. Amma wuƙa da nama suna Mosko. Dubi sunan babban birnin kawai: Vladikavkaz ne, a 1931 aka mai da shi Ordzhonikidze, a 1944 Dzaudzhikau, a 1954 aka koma Ordzhonikidze, sai a 1990 ya karɓi sunansa na asali. Rubutu ma haka. A 1923 aka koma haruffan Latin, a 1938 'yan arewa suka koma haruffan Rasha, 'yan kudu kuma aka ɗora musu na Jojiya har zuwa 1954. A wancan lokacin, yaron Tskhinvali da ɗan baffansa na arewa harshe ɗaya suke yi, amma littafin wannan ba ya karantuwa a hannun wancan.

Abin da ya fi ciwo ya faru ne a Fabrairun 1944. Stalin ya zargi Chechen da Ingush da haɗa baki da Jamusawa, aka kwashe su kaf, mata da yara da tsofaffi, cikin taragon dabbobi zuwa Asiya ta Tsakiya. Yankin Prigorodny na Ingush, da ke dab da babban birnin, aka haɗe shi da Osetiya ta Arewa, aka zaunar da Osetiyawa a gidajen da aka bari, wasunsu ma daga kudu aka kawo su ba da son ransu ba. Da aka yarda Ingush su dawo a 1957, an maido musu da jamhuriyarsu tare da Chechen, amma ba a maido da Prigorodny ba. Mutum ya dawo ya tarar da baƙo a ɗakin mahaifinsa, shi baƙon kuma ya riga ya haifi 'ya'ya a ciki. A ganina laifin nan na gwamnati ne, ita ta haɗa maƙwabta biyu faɗa a kan gida ɗaya.

Tarayyar Sobiyet ta ruguje a 1991 ba a warware wannan ƙulli ba. A ƙarshen Oktoban 1992 yaƙi ya ɓarke a Prigorodny, ɗaruruwa suka mutu, dubban Ingush suka sake barin gidajensu.