Tocila a Hannun Uwargida: Wacce Za Ki Zaɓa, Yaya Za Ki Kula Da Ita?

Yau hirar tamu a kan tocila ce. Wata za ta ce, to mece ce abar magana a tocila? Ai kuwa akwai, domin in kika duba da kyau, rabin aikin mace a tsakar gida cikin duhu ake yin sa. Ke ce mai tashi da asuba ki hura wuta, ke ce mai raka yaro bayi da tsakar dare, in azumi ya zo ke ce mai girkin sahur. Fitar ma da muke yi, barka ko gaisuwar rasuwa ko dubiya, galibi sai bayan magariba. Wutar lantarki kuwa kin san halinta. Tun tana NEPA, aka mai da ita PHCN a 2005, aka damƙa rabonta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, har yau dai ba a rabu da ɗaukewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke yawo a ƙasa cikin dare. Kunama tana son ƙarƙashin itacen girki da jikin tsohuwar katanga. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, da almuru take fitowa, musamman da damina, kuma launinta ya saje da ƙasa. A Kaltungo ta Jihar Gombe asibiti guda aka keɓe domin masu saran maciji, saboda yawan abin. Da yawa ba su ga macijin ba sai da suka taka shi, ko suka kai hannu cikin kara. Haske ƙalilan a gaban ƙafa yana iya raba mutum da wannan wahala. In kuma tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana mutum yawan motsi, a garzaya asibiti.

To bari mu duba ire-iren tocilar. Iyayenmu sun san a-ci-bal-bal da fitilar ƙwai, sannan tocilar ƙarfe mai cin manyan batura biyu ko uku, mai ɗan ƙwai da yake yin ja in batir ya yi sanyi. Yanzu kusan duk tocilar kasuwa mai ƙwan LED ce, wato 'yan ƙwayoyin nan masu farin haske. Wasu masana uku 'yan Japan ne suka buɗe hanyarsa a farkon shekarun 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Amfaninsa shi ne ba ya cin batir kamar tsohon ƙwai, kuma faɗuwa ba ta saurin kashe shi.

Ta fuskar abin da take ci, tocila iri uku ce. Akwai mai batir, wadda in ya ƙare sai a sayi sabo. Ita ce ta dace da ƙauyen da babu wuta sam, kuma ba ta jiran kowa. Sai dai kuɗin batir kullum fita yake. Akwai mai caji, wadda ake sa wa a soket ko a jona da wayar cajin salula. Sannan akwai mai sola, wadda ake shanya faifanta a rana. Ita wannan ta fi tsada ranar saye, amma daga nan rana ce ke ciyar da ita, rana kuwa Allah ya hore mana. Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna sayar da irinta a ƙasar nan, wasu ma har cajin waya suke yi.

Masu cajin ma ba ɗaya suke ba, kuma nan ne ake yawan asara. Manyan nan na roba masu araha, da yawansu batirin dalma ne a ciki. Irin wannan batir ba ya son a shanye shi ƙaf a ajiye. In kika bar shi a mace sati biyu ko uku, ko an sa a wuta ba zai ƙara riƙe caji kamar da ba. Shi ya sa za ki ji ana cewa, “Wata uku kacal ta yi ta mutu.” Da zarar haske ya fara raguwa, a kashe a kai caji, in kuma ajiye ta ake yi, a riƙa sa ta a wuta ko da sau ɗaya a wata. Ɗaya batirin kuma irin na wayar salula ne, ana ce masa litiyam. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗewa, amma ba ya shiri da zafi. Kada a bar shi kusa da murhu ko a ƙarƙashin matashi yana caji. In kika ga tocilar ta kumbura ko tana zafi fiye da kima, a daina amfani da ita.

Sai fitilar goshi, wadda muka fi sani a kan mafarauta da masu gyaran babur. 'Yar uwa, wannan kamar don mu aka yi ta. Ki ɗaura ta a kan ɗankwali, hannunki biyu a sake. Mai suyar ƙosai da asuba, mai dama koko, mai tuƙin tuwo, mai wanke wa jariri da dare, duk ba sai an kira yarinya ta tsaya tana gyangyaɗi tana haska tukunya ba. Ba kuma sai kin cije tocila da haƙori ba. In za a saya, a duba mai madauri da yake faɗaɗa yana tsukewa, mara nauyi, wadda kanta yake sunkuyawa ƙasa don hasken ya sauka a kan aikin. Aibinta ɗaya, da damina ƙwari suna bin hasken zuwa fuska. Wasu suna da jan haske, shi ƙwari ba su cika binsa ba, kuma ba ya tashin jariri daga barci.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yawancinmu ba mu ke zuwa kasuwa ba. Maigida ake faɗa wa, ko a aiki yaro, ko dillaliya ta kawo. In kika ce kawai “a sayo tocila”, duk abin da mai shago yake son rabuwa da shi, shi za a kawo miki. Saboda haka ki yi bayani dalla-dalla. Ki faɗi aikin da za ta yi, ta ɗaki ce ko ta tsakar gida ko ta fita unguwa. Ki ce a kunna ta a kashe sau da yawa a gaban mai kaya, domin makunni ne yake fara lalacewa. A girgiza ta, in hasken yana rawa ko wani abu yana ƙara a ciki, a ajiye. A duba murfin batir ko yana rufuwa gam. A kuma yi sharaɗi da mai shago cewa in ba ta riƙe caji ba za a dawo da ita a canja.

A jikin kwali za a ga lamba da kalmar lumen, ma'aunin ƙarfin haske ke nan. Kyandir ɗaya bai wuce lumen 12 ko 13 ba. Aikin tsakar gida da tafiya a lungu, daga 50 zuwa 100 ya wadatar. Kada a ruɗe ki da 'yar tocila mai araha da aka rubuta mata dubbai, yawanci kurin 'yan kasuwa ne, kuma haske in ya yi yawa batir yake sha. Gara wadda take da mataki biyu ko uku, ki riƙa aiki da ƙaramin. In an ga IPX4, ma'anarsa tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 kuwa ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya tana iya jure minti 30. Iyaye sun ce araha ba ta ado, sayen nagari mai da kuɗi gida. In kuɗin bai kai ba, ai adashi ya yi rana.

Guda nawa ya kamata gida ya mallaka? A ganina uku. Ɗaya ƙarama a gefen gado, inda hannu zai same ta ko ido a rufe. Ɗaya ta goshi ko ta sola a wajen girki. Ta ukun kuma a ɓoye ta domin larura, da sababbin batura a gefenta, ba a cikinta ba. Mai juna biyu ta sa wannan a cikin jakar haihuwa tun wata na takwas, domin naƙuda ba ta duba agogo, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ne yake da wuta da dare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace tocila ta samu mazauninta, wanda ya ɗauka ya mayar. A gidan da ake da abokan zama, kowace ɗaki ta mallaki tata, an huta da “wa ya ɗauki tocilata?” Kada kuma ki dogara da hasken waya kaɗai. Daren da za ki nemi taimako, cajin nan na kira kike bukatarsa, ga kuma wayoyin da suka ƙare a masai ba su ƙirguwa.

Batir ma yana da ladabinsa. Kada a haɗa sabo da tsoho a tocila ɗaya, tsohon ne zai fashe ya zubo da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. In za a daɗe ba a kunna ba, a cire su. Kada a jefa mataccen batir a murhu, yana iya fashewa. Kada kuma a bar wa yara su fasa shi suna wasa. Dalmar da ke cikin batirin caji guba ce, ita ce irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Sai 'yan ƙananan batura masu kama da maɓalli, na cikin tocilar wasan yara da ta maƙalin makulli. In yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona wurin. Kada a jira kashi ya fito da shi, kada a sa shi amai, a tafi asibiti nan take. In yaron ya haura shekara ɗaya, ana iya ba shi zuma cokalin shayi biyu duk bayan minti goma a kan hanya.

Daga ƙarshe, in kin fita da dare, ki haska ƙasa, taku biyu ko uku a gabanki, saboda kwata da ramuka. Ba a dalle wa mutum fuska da tocila, rashin ladabi ne, kuma mai fitilar goshi ta sunkuyar da ita in za ta yi magana da wani. Ki koya wa yara su haska cikin takalmi da ƙarƙashin tabarma kafin su taɓa, su kuma duba itace kafin su ɗauka.

A nan za mu dasa aya. Yau da daddare, uwargida, ki tattaro tocilolin gidanki ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, wadda ke bukatar caji a sa mata, wadda ta mutu a sanar da maigida. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin dare, ya haskaka mana gidajenmu da zukatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.