Yadda Ake Tsare Zafin Murhu Bayan Wuta Ta Mutu

Sanin kowa ne cewa idan wutar itace ta mutu, murhu da garwashi da tukunya kan rage da zafi mai yawa. Da kuɗin itace aka sayi wannan zafi, amma a gidaje da dama yakan salwanta ba a more shi ba.

Zafi kan gudu daga abu mai zafi zuwa mai sanyi ta hanyoyi uku. Yakan ratsa jikin abin da ya taɓa, kamar ƙasar da murhu ke kai. Iska kan ɗebe shi ta yi sama da shi. Yakan kuma fita kamar yadda haske ke fita, wanda shi ne ɗumin da mai jin wuta ke ji a fuska.

Tukunya kuwa tana da ƙofa ta huɗu, wato tururi. Giram 1 na ruwa na buƙatar kalori 100 domin ya tashi daga digiri 0 zuwa 100, amma kafin ya zama tururi sai ya sha kimanin kalori 540. Saboda haka murfi mai kama bakin tukunya shi ne matakin farko.

Sauran maganin yana ga iskar da ba ta motsi, domin zafi ba ya ratsa ta da sauƙi. Toka cike take da irin wannan iska. Idan aka binne garwashi da ita, takan tsare zafinsa, ta kuma rage masa oksijin, sai ya riƙa ci a hankali har ya kwana da rai. Toshe bakin murhu da tubali yana hana iska ratsawa, musamman lokacin hunturu. Murhun laka da aka kwaɓa da ƙaiƙayi kuwa ya fi na duwatsu uku riƙe zafi.

Haka nan, idan wake ya tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwando, a kewaye ta da auduga ko ƙaiƙayi. Waken zai ci gaba da dahuwa ba tare da ƙarin itace ba.

Sai dai a kula da abu biyu. Idan zafin abinci ya sauka ƙasa da digiri 60, ƙwayoyin cuta kan hayayyafa, don haka a sake tafasa shi kafin a ci. Kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, amma tana kisa.