Kafin ɗanka ya sa kwamfutar gida sukuwa

Akwai wata sha'awa da ta kama wasu matasanmu masu ta'ammali da kwamfutar tebur a unguwanni irin su Giginyu da Badawa da kewayen Nasarawa GRA, wadda yawancin iyaye ba sa sanin da ita sai ranar da kwamfutar falo ta ƙi tashi. Sha'awar ita ce ta tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, yin gudun da ya wuce wanda kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta a jikin kwali. Su matasan obakulokin suke ce wa abin. Ni kuwa na fi son kiran sa sukuwa, domin abin da mahayi ke yi wa doki ke nan idan ya sakar masa linzami ya kuma sa masa ƙaimi.

Bari mu fara da yadda abin yake, don mai karatu ya ga dalilin da ya sa yake jan hankalin yaro. Furosesa da bugu take aiki, kamar zuciya. Idan aka ce gudunta gigahaz 3.3, ana nufin tana bugawa sau biliyan 3.3 a kowace daƙiƙa. Wannan adadi kuwa daga lambobi biyu ake samun sa: akwai agogon tushe, wanda a yawancin kwamfutocin yanzu megahaz 100 ne, sai kuma lambar da ake ninka shi da ita, a nan 33. Duk abin da sabon shiga zai yi shi ne ya shiga shafin saiti na BIOS yayin da kwamfuta ke tashi, ya goge 33 ya rubuta 40. Shi ke nan, ya samu gigahaz 4 bai kwance ko kusa ɗaya ba, bai kuma biya ko sisi ba. Wane ɗan shekara 17 ne zai ji wannan ya kau da kai?

Ba kuma sabon abu ba ne. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Masu bin ƙwaƙwaf suka gano cewa idan aka ɗaga agogon tushenta daga 66 zuwa 100 za ta yi megahaz 450 lafiya ƙalau, ta yi kafaɗa da Pentium II da ta ninka ta kuɗi. Wajen 2000, da fensirin makaranta ake zana layi a kan wasu ƙananan mahaɗai a saman Athlon da Duron na kamfanin AMD don a buɗe lambar ninkinsu. Da kamfanonin suka ga ba za su iya hanawa ba, sai suka mai da abin haja. Intel ya riƙa sa harafin K a ƙarshen sunan waɗanda ya bari a buɗe, kamar Core i5-2500K ta 2011, AMD kuma ya bar yawancin Ryzen a buɗe tun fitowarta a 2017.

A nan ne yaron Giginyu ke fara cin karo. Galibin kwamfutocin tebur da ake samu a titin Beirut gwanjon ofisoshin Turai da Amurka ne, ƙirar HP da Dell, waɗanda aka toshe wannan ƙofa a cikinsu tun daga masana'anta. Ko ya kwana yana lalube ba zai ga inda zai canza lambar ba. Sai wanda ya harhaɗa tasa da kansa, ya sayi furosesa buɗaɗɗiya da babban allon da ya yarda da hakan, wanda masu gyara ke kira madabod.

To, a ce ya samu. Matsalar da ba a gaya masa ba ita ce zafi. Da zarar gudu ya wuce wani mataki, furosesa ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai an ƙara mata ƙarfin wuta. Zafin da take fitarwa kuma ba tafiya ɗaya yake yi da ƙarfin wutar ba, ninkin kansa yake bi. Misali, wanda ya ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, ya kuma ɗaga wuta daga bolt 1.2 zuwa 1.35, ya ƙara zafi da kimanin rabi. Ribar kashi 20, harajin kashi 50. Yawancin furosesoshin yanzu kuwa idan suka kai digiri 95 zuwa 100 sukan rage gudu da kansu, in abin ya ci tura su kashe kwamfutar ɗungurungum.

Darussan da yaran nan ke kallo a YouTube, mutanen Jamus da Ingila da Kanada ne suka shirya su, a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 20 zuwa 22 ba. Fanka dai ba ƙanƙara take yi ba, iskar ɗaki take hurawa a kan ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa. Don haka kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma ta ƙara. A Kano, zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 40. Saitin da ya ba Bajamushe digiri 75 zai iya ba ɗanmu 90 ko fiye, da kayan aiki iri ɗaya, lamba iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Balle ma ko a masana'anta ɗaya aka ƙera furosesoshi biyu rana ɗaya, ba lalle juriyarsu ta zo daidai ba.

Tarkon da na fi tsoro shi ne na hunturu. Hutun Disamba ne yaro ke da lokacin zama ya yi gwaji, lokacin da safiyar Kano kan sauko ƙasa da digiri 15. Komai zai tafi daidai, ya ɗauki hoton lambobinsa ya tura wa abokai. Amma ƙurar da hunturun ya kwaso tana nan tana toshe haƙoran ƙarfen sanyaya a hankali, ga bazara na tafe. Sai a Afrilu kwamfutar ta fara sandarewa ana tsakar rubuta takardar ofis, uba ya ɗora laifi a kan bairos ko a kan mai gyara.

Sai batun wuta, wanda ba sai na yi wa Bakano dogon bayani ba. Ba a tabbatar da saiti ya zauna sai an ɗora wa furosesa kaya mai nauyi na sa'o'i a jere da manhaja irin Prime95, ana lura da ma'aunin zafi. Wannan yana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa, ba ta hawa da sauka. Janareto ƙarami da akwatin wutar kwamfuta mai araha ba za su ba da wannan ba. Ga kuma tsada: a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kowane kilowat a sa'a. Ƙarin zafin nan da muka lissafa, a mita yake fitowa.

Kada a ɗauka ƙarin bolt wasa ne. A 2024 Intel da kansa ya amsa cewa wuta fiye da ƙima ce ke lalata wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, har ya ƙara musu garantin shekara biyu. Waɗannan fa ba wanda ya taɓa saitinsu. Lahanin irin wannan ba ya warkewa, kuma kamfanonin sun faɗa a fili cewa garanti ba ya ɗaukar ɓarnar sukuwa. Inshorar musamman da Intel ke sayar wa masu yin haka ma ya daina ta a 2021.

Ribar kuma ta ragu ƙwarai. Furosesoshin yau da kansu suke ƙara gudu gwargwadon sanyin da suka samu, ɗan abin da ya rage wa mai sukuwa ba shi da yawa. Likita ko lauyan da kwamfutarsa ke jan ƙafa zai fi ganin canji idan ya sauya tsohon faifan ajiya da SSD ya ƙara RAM.

Duk da haka ban ga hikimar hana yaro ba. Wanda ya zauna yana ƙara lamba ɗaya, ya gwada, ya rubuta zafi da bolt a littafi, ya koma baya idan ta faɗi, ya koyi aikin injiniya irin wanda ɗalibai da yawa ke gama digiri ba su taɓa yi da hannunsu ba. Abin da uba zai gindaya shi ne sharaɗi. Kada a yi a kwamfutar da ke ɗauke da takardun aiki ko hotunan iyali. A fara da wanke ƙura, a sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a haɗa da UPS. A ɗaga lambar ninki ɗaya bayan ɗaya, kada a taɓa bolt sai gudun ya ƙi zama. Kafin komai kuma yaron ya nuna wa mahaifinsa ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, wanda idan allo ya yi baƙi ake cire shi na 'yan mintoci, bayan an zare kwamfutar daga soket, don saitin ya koma na asali.

Gwajin ƙarshe kuwa a bar shi sai Afrilu, da ƙarfe biyun rana, a ɗakin da kwamfutar za ta ci gaba da zama. Idan ta yi sa'o'i tana ɗauke da kaya ba ta haura digiri 85 ba, a bar lambar a nan. Idan ta haura, a rage ɗaya a sake gwadawa.