Yadda Ake Gane Dinarin Romawa

Da yawanmu mun san dinari ne daga Linjilar Matiyu, inda aka kawo wa Yesu kuɗin haraji. Irin wannan kuɗi na azurfa yana nan har yau a hannun masu tara tsofaffin kuɗi. Masana da dama suna ganin na Sarki Tibariyas ne, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa 37.

To, yaya za mu gane na wane sarki ne, tun da ba a buga shekara a kansa ba? Sai mu karanta rubutun da ya kewaye kan sarkin, wanda duk a taƙaice yake. TI shi ne Tibariyas. Inda muka ga COS da lamba, ana faɗin sau nawa sarkin ya riƙe muƙamin konsul, da haka ake lissafa shekarar. Gemu ma shaida ne, domin kafin Hadiriyan ya hau a shekara ta 117 sarakunan galibi masu aski ne.

Sai ma'auni. A zamanin Augustas dinari yakan kai wajen giram 3.9, kusan zallar azurfa. Nero ya rage shi a shekara ta 64, na bayansa suka yi ta surka tagulla, har azurfar ta koma wajen rabi a zamanin Seberus.

A yi hattara da jabu. Na gaske da guduma aka buga shi. Wanda aka zuba a narke yakan nuna layin haɗi a gefe. Kada kuma a goge shi don ya yi ƙyalli, darajarsa ce za ta faɗi.