Bas Mai Lantarki Daga Jami'ar Makerere

Uganda ba ta da teku, kuma duk man da motocinta ke sha daga waje ake shigo da shi, akasari ta tashar jiragen ruwa ta Mombasa a Kenya. Amma Allah ya hore mata Kogin Nilu, wanda madatsunsa irin su Nalubaale da Bujagali da Karuma ke ba ta mafi yawan wutar lantarkinta. Ƙasar da ke cikin wannan hali, in ta koma tuƙa mota da lantarki, aljihunta take karewa. Wannan lissafi ne wasu malamai da ɗalibai na Jami'ar Makerere da ke Kampala suka ɗauka da gaske.

Abin ya faro ne a 2007, lokacin da Makerere ta shiga wani aikin haɗin gwiwa da ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka jagoranta, na ƙera mota mai ƙarancin shan mai. An baje kolin motar a birnin Turin na Italiya a 2008. 'Yan Makerere suka dawo gida da nufin ƙera tasu, ƙarƙashin Farfesa Sandy Stevens Tickodri-Togboa da wani matashin malami, Paul Isaac Musasizi.

A watan Nuwamba na 2011 suka fito da Kiira EV. 'Yar ƙaramar mota ce koriya mai kujera biyu, ba ƙara, ba hayaƙi, tana cin kimanin kilomita 80 kafin a sake yi mata caji. A gida aka zana ta, aka yi waldar ƙarafunta, aka haɗa gangar jikinta. Batir kuwa daga waje aka sayo. Shugaba Yoweri Museveni da kansa ya ƙaddamar da ita.

Da a nan aka tsaya, da ta zama abin ɗaukar hoto kawai, kamar yadda ayyukan ɗalibai da yawa ke ƙarewa cikin ƙura a bayan tsangaya. Hikimar da suka yi ita ce juya akala zuwa bas. Talakan Kampala ba shi da kuɗin sayen mota. Ƙananan motocin haya yake shiga, ko ya hau acaɓa, wanda can ake kira boda-boda. Bas ɗaya na iya kwashe mutanen da motoci da dama za su ɗauka, kuma tun da hanyarsa sananniya ce, ba wuya a san inda za a kafa masa wurin caji.

A 2016 aka nuna Kayoola, bas mai kujera 35 da faifan sola shimfiɗe a rufinsa. Sai dai rufin bas bai da faɗin da zai tara hasken da zai ja wannan nauyi yini guda, don haka faifan taimako kawai yake yi wa batir. Bas ɗin da ya biyo baya a 2019, Kayoola EVS, da wutar layi ake yi masa caji, yana ɗaukar mutum har 90, na zaune da na tsaye, yana kuma kai wa kusan kilomita 300.

A wani sashen na jami'ar kuma, Farfesa Engineer Bainomugisha da tawagarsa ta AirQo sun ƙera ƙananan na'urori masu auna gurɓatar iska. Wasu a jikin gine-gine ake kafa su, wasu kuma a ɗaura wa babur, ɗan acaɓa na neman abincinsa, na'urar na tattara bayanan ƙura da hayaƙin kowane lungu da ya ratsa. Da irin wannan awo ake gane unguwar da ta fi buƙatar bas marar hayaƙi.

Yau aikin motar ya zama kamfanin Kiira Motors, wanda gwamnati ke da kashi 96 cikin ɗari na hannun jarinsa, Makerere kuma kashi 4. A 2025 aka buɗe masana'antarsa a Jinja. Sauran aiki na nan jibge: batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin bas, har yanzu daga waje yake zuwa, wuraren caji ba su wadata ba, kuma sai an shawo kan masu motocin haya, waɗanda kuɗin sayen bas mai lantarki ya fi ƙarfin yawancinsu in ba rance mai sauƙi aka samar musu ba.