Yadda Ake Buɗe Faifan Waje Da Aka Jona Wa Na'urar NAS

NAS ƙaramar kwamfuta ce marar allo, aikinta kawai ajiye fayiloli. Ana haɗa ta da rautar gida, sai duk waya ko kwamfutar da ke kan wannan layin ta iya shiga ta ɗauki abin da ke ciki. Synology da QNAP na Taiwan da Western Digital na Amurka suna cikin manyan masu ƙera ta, kuma galibin samfuransu suna da kafar USB inda ake soka faifan waje, ko don ƙarin wuri ko don ajiye kwafin kariya.

Abin da ke rikita mutane shi ne, faifan ba ya fitowa a kwamfuta kamar yadda yake yi idan a jikinta aka soka shi. Yanzu yana hannun NAS, ita ce mai gadin ƙofa, kwamfuta kuwa roƙo take yi a ba ta. Saboda haka sai NAS ta fara gane tsarin da aka tsara faifan da shi. Yawancin na'urorin NAS Linux ne a cikinsu, suna karanta ext4 da NTFS da FAT32. Shi FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, don haka dogon bidiyon biki zai ƙi shiga. Tsarin exFAT, wanda ya zama ruwan dare a filasha da katin waya, sai da aka yi shekaru ana sayen ƙarin manhaja kafin Synology ta karanta shi, har zuwa fitowar DSM 7, zubi na bakwai na manhajar da ke tafiyar da na'urorinta. Idan na'urar ta ce a goge faifan a sake tsara shi, kada a yi gaggawar amincewa, domin komai zai tafi.

Da zarar ta gane shi, Synology kan mayar da shi folda mai suna usbshare1. A shafin sarrafa na'urar ake zaɓar waɗanda za su shiga: wani karatu kawai, wani har da rubutu da gogewa. Sau da yawa ƙorafin "faifan ya ƙi buɗewa" daga nan yake, ba daga faifan ba.

Daga kwamfuta, hanyar ita ce SMB, ƙa'idar raba fayiloli da aka fara a IBM a shekarun 1980, NAS kuma tana magana da ita ta manhajar Samba. A Windows ana rubuta adireshin na'urar a File Explorer, misali \\192.168.1.10\usbshare1, a sa suna da kalmar sirri. A Mac ana bi ta Finder da smb:// a gaban adireshin. Tsofaffin na'urori masu tsohon zubin SMB, wato SMB1, kaɗai kan ƙi haɗuwa da sabuwar Windows, wadda ta daina kunna shi bayan ɓarnar muguwar manhajar WannaCry ta 2017. Sabunta manhajar NAS ya fi sake kunna SMB1 hankali.

Sauri kuwa, USB 2.0 ba ta wuce megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 tana kai gigabit 5, amma da USB 3.0 wayar rauta mai gigabit 1 ita ce ke taƙaita saurin, Wi-Fi ma yakan gaza haka.

Shiga daga wajen gida ya fi tsaro ta VPN a kan buɗe kafar SMB ga intanet. Barin NAS a buɗe ga intanet na da haɗari: a 2021 an goge bayanan masu My Book Live na Western Digital da dama daga nesa. Kafin a zare faifan, sai an sallame shi a shafin sarrafawa, kuma inda wuta ke yawan ɗaukewa ana haɗa NAS da UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata tsarin faifan.